Banti a zagayen ƙarshe na wasan dattawa: dabara ce ko asarar mutum ɗaya?

Koci: Salamu alaikum jama'a. Ga magana. A gasar besbol ta dattawa a Amurka, irin wadda MSBL, ƙungiyar besbol ta manyan maza, ke yi a yankin Phoenix na jihar Arizona duk watan Oktoba, ko ta Roy Hobbs a Fort Myers ta Florida, mu ƙaddara wasan ƙarshe ne na 'yan shekara 60 zuwa sama. Ci 3 da 3, zagayen ƙarshe, masu gida ne ke duka, mutum ɗaya yana zango na ɗaya, ba a fitar da kowa ba. Ni na ce banti wajibi ne a nan. Mai duka ya tara wa ƙwallo sanda ta gangara gabansa, shi a fitar da shi, abokinsa ya isa zango na biyu. Maki ɗaya ake nema, ba biyar ba. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam Koci, kalmar "wajibi" ce ta yi nauyi. Masu ƙididdigar MLB, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, sun daɗe da auna wannan. A alƙaluman 2010 zuwa 2015, in mutum yana zango na ɗaya ba a fitar da kowa ba, ƙungiya kan samu aƙalla maki ɗaya kusan sau 42 cikin 100. In yana na biyu an fitar da ɗaya, abin ya sauko kusan 40. Wato ko bantin ya tafi yadda ake so, ba ka ƙaru ba. Mutum uku kacal ake fitarwa zagaye ya ƙare, ka ɗauki ɗaya ka miƙa musu da hannunka.

Koci: Alƙaluman samari ne waɗannan, Malam. Ƙwararren mai tsaron zango na uku yakan sheƙo a guje, ya suri ƙwallo da hannu tsirara, ya jefa yana cikin gudu, kuma ta isa daidai. Ka sa dattijo ya yi haka. Sai ya taho, ya sunkuya, ya ɗauka, ya miƙe, ya gyara ƙafa, sannan ya jefa. A kowane mataki abu na iya lalacewa: gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ƙwallo ta kuɓuce daga safar hannu, jifa ta wuce kan mai tsaron zango na ɗaya. Shi ma mai tsaron na ɗayan yana maƙale da zango yana gadin mai gudu, in ya baro wurin sai mai tsaron na biyu ya rufe masa, kuma a ƙungiyar da ba ta cika atisaye ba nan ake mantuwa. To ka ga ba lallai ne a yi asarar mutum ɗayan ba. Sau da yawa banti a wannan rukuni yakan ƙare da mutum biyu a zango, ba wanda ya fita.

Mai Lissafi: Na yarda masu tsaro sun yi sanyi. Amma shi mai dukan fa, shekarunsa sun tsaya ne? Daga gida, wato inda mai duka ke tsayawa, zuwa zango na ɗaya ƙafa 90 ne, mita 27 da 'yan kai, ba a rage wa kowa. Ƙwararru kan cinye shi cikin daƙiƙa huɗu da ɗan ɗori. In dattijo ya ɗauki shida, ai ya ba mai tsaro lokacin sunkuyawa, ya miƙe, har ya gyara hularsa.

Sannan ga babbar matsalar. Amfanin kai mutum zango na biyu shi ne bugu ɗaya mai kyau ya kawo shi gida. Ƙafa 180 ke nan, da kwana a zango na uku. Yawancin waɗannan rukunoni da sandar katako suke wasa, ƙwallo ba ta nisa, masu tsaron waje kan matso ciki. Bugun zai faɗi gabansu, mai gudu zai tsaya a na uku. Kana buƙatar bugu biyu dai kamar da, ga shi ka zubar da dama ɗaya.

Mai Cafe: Ku bari in shigo ta wurin da nake tsugunawa a bayan mai duka, inda ake ganin komai. Ku biyun kuna magana kamar an riga an ajiye bantin. Ajiye shi aiki ne. Mai duka ya juyo da wuri ya fuskanci mai jifa, hannun sama ya zame zuwa wajen tambarin sanda, yatsu a ɓoye a bayanta, kan sanda sama da hannaye. A fara riƙe ta a saman yankin sitiraik, wato inda in jifa ta ratsa ba a buga ba ake ƙirga wa mai duka kuskure, duk ƙwallon da ta fi nan tsawo a janye a bar ta. In ta zo ƙasa, da gwiwa ake sauka, ba a sunkuyar da kan sanda. To gwiwar ce dattijo ba shi da ita. Sai ya saukar da sandar da hannu, ƙwallo ta bugi samanta ta tashi. Mai jifa mai wayo kuwa sama zai riƙa jefa masa da gangan.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: jifar dattijo ba ta da ƙarfi, saboda haka ƙwallo takan mutu a gaban mai cafe, taku biyu ko uku. Daga nan zuwa zango na biyu ƙafa 127 ne. In mai gudun bai da sauri, shi za a fitar, ba ma sai an taɓa shi ba, taka zango kawai ya isa tunda dole ce ta sa shi gudu. Kun koma inda kuke, da asarar mutum ɗaya. Dole a ɗan tura ƙwallon ta yi wajen layin zango na ɗaya, ta wuce hannun mai cafe amma kada ta kai ga mai jifa.

Alƙali: Ga doka kafin a yi nisa. Na ɗaya, in mai duka yana da sitiraik biyu (na uku ne ke fitar da shi) ya yi banti ƙwallo ta fita layi, ya fita ke nan, ba kamar bugu na sosai ba. Dama biyu gare shi, in ya ɓata su ya shiga rami. Na biyu, dokar da ke kare masu gudu daga ƙwallon da ta tashi sama a cikin fili ba ta shafi banti ba, kuma ma ba ta aiki sai da mutum a na ɗaya da na biyu. Mai tsaro na iya barin ta ta faɗi ba tare da ya taɓa ta ba, ya ɗauka ya jefa na biyu, daga can a jefa na ɗaya, mutum biyu sun tafi in mai duka ya tsaya kallo. Na uku, ƙafa 45 na ƙarshe kafin zango na ɗaya akwai hanyar da aka shata wa mai gudu. Ya bar ta jifa ta same shi a baya, an fitar da shi, abokinsa kuma ya koma inda ya fito. MLB ta faɗaɗa hanyar a 2024, amma lig ɗin 'yan sha'awa kowace da littafin da take bi, koci ya tambaya tun kafin a fara.

Abin da zai raba gardamarku kuwa shi ne aron ƙafa. Lig ɗin dattawa da yawa sun yarda wani ya yi wa ɗan wasa gudu in ya isa zango, kuma galibi wanda aka fitar na ƙarshe ne zai yi, ba wanda koci ya ga dama ba.

Koci: Allah ya saka, Yallaɓai Alƙali, ka taimake ni. In aron ƙafar ya faɗo kan mai sauri, hujjar Malam Mai Lissafi ta ƙafa 180 ta rushe. Kuma masu tsaron waje da ya ce sun matso, hannunsu fa? Kaɗan ne a cikinsu za su iya aiko ƙwallo gida kai tsaye. Sai an yi zango da ita a hannun na tsakiya: cafe biyu, jifa biyu, sannan mai cafe ya taɓa mai gudu. Abu biyar, duk sai sun yi daidai.

Mai Lissafi: In ya faɗo kan mai sauri, me ya kai ka banti? Ya saci zangon mana, in lig ɗin ta yarda da sata. Ƙwararren mai cafe kan kai ƙwallo zango na biyu cikin kusan daƙiƙa biyu. Na dattawa, bayan ya yi zagaye takwas a tsugune cikin zafin Arizona, sau tari sai ta yi tsalle a ƙasa kafin ta isa. Ka samu zango na biyu ba ka biya komai ba. Daga nan ne ni ma zan ce a yi banti, domin a alƙaluman nan dai, mutum a na biyu ba a fitar da kowa ba kusan 61 ne cikin 100, a na uku an fitar da ɗaya kusan 66. Nan kaɗai lissafi ya goyi bayanka, kuma dalilin a fili yake: daga na uku ƙwallon da aka cafe a nesa, ko wadda ta kuɓuce wa mai cafe, ko gangarowa mai sanyi, duk suna kawo maki ba sai an yi bugu mai kyau ba. Kuma a wannan karon wajen zango na uku ake tura ta, a tilasta wa mai tsaronsa ya baro wurinsa.

Mai Gyaran Jijiya: Malamai, kuna ta rabon gudu kamar jikin na aro ne da gaske. Waɗannan gasanni a cikin mako guda ake yin su, wasa kusan kullum, wata rana biyu. Ranar ƙarshe ba wanda jijiyar bayan cinyarsa ke daidai. Abin da ke tsinka ta shi ne tashi da ƙarfi daga tsaye bayan an daɗe a zaune, wato dai sata da gudun banti. Agara ma haka. Wanda zai yi aron ƙafa ya tashi tun ana zagayen baya, ya yi ɗan sassarfa a gefen fili, ya gwada tashi uku ko huɗu da rabin ƙarfi. Koci ya dubi wanda ke ɗingishi ya ɓoye, domin ba mai faɗa a wasan ƙarshe.

Mai Cafe: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma ku dubi mai jifa. In shi ya faro wasan, a zagayen ƙarshe hannunsa ya mutu, ƙwallayensa na tashi sama suna kauce wa gida. Mutumin da ke neman ba ka zango kyauta da jifa huɗu a waje, don me za ka sauƙaƙa masa? Ni da za a bi tawa, mai duka ya nuna banti a jifar farko ya janye. An ga ko mai jifa na iya saita hannu, an ga wa ya motsa a masu tsaro, wa ya yi tsaye. In mai tsaron na uku bai ko ɗaga ƙafa ba, a ajiye masa. In ya sheƙo, rami ya buɗe a bayansa.

Koci: Janyewar nan tana iya jawo sitiraik a banza, saura dama ɗaya. Amma na karɓi gyara guda: in mai dukan bai taɓa yin banti a kakar ba, ba za a fafe gora ranar tafiya ba. Sauran kuwa ina nan kan bakana. Malam Mai Lissafi bai ce komai ba kan gangarowa zuwa ga mai tsaron tsakiya, wadda ke fitar da biyu a bugu ɗaya. Dattijo mai nauyin ƙafa a gida, wani a na ɗaya, ai ita ce ke jiransu.

Mai Lissafi: Ita ma cafe biyu ce da jifa biyu, Malam Koci, da juyi a kan zango mutum na taho maka. Ba za ka ce hannayen nan sun gaza a kan banti, sannan su zama na ƙwararru a kan wannan ba. Zaɓi ɗaya.

Alƙali: Kafin ya zaɓa, ku duba jerin masu duka. A irin waɗannan lig ana iya jera mutum goma ko fiye, ba tara ba. Wa ke biye da mai bantin? In gwanin ƙungiyar ne, kun bar zango na ɗaya fayau, za su wuce da shi can da gangan tunda makinsa ba ya ƙara komai, su fuskanci na bayansa, ga damar taka zango a wuri uku.

Koci: To sai na bayansa ya sake ajiye wani bantin.

Mai Cafe: Da mutum ɗaya a waje? Haba Malam, biyu ke nan ka bayar. Kuma a na ɗaya da na biyu, mai jifa ya ɗauka ya juya na uku, taka zango kawai ake buƙata.