Wai jika ya fi ɗa daɗi?

Hajiya Kaka: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Jikana ya isa yaye, na aika a kawo min shi kamar yadda aka saba, sai matar ɗana ta ce wai goyon kaka sangarta yaro yake yi, a ɗakinta za ta yaye shi. Uban yaron nan ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban surukaina ba saboda kunya. Ga daka, ga ɗiban ruwa, kafin ya yi wayo ga wani cikin. Sai a kan jika na san daɗin yaro. In ce masa maigida ina kuɗin cefane, ya yi ta ƙyalƙyala dariya, in ya yi kuka in miƙa wa uwarsa. Renon ɗa bauta ce, renon jika hutu ne. Shi ne za a hana ni?

Maman 'Yan Biyu: Hajiya ki yi haƙuri, amma bauta fa kika ce? Ɗan da kika haifa ya zama ubangidanki ke nan? Wasu na can suna kuka Allah Ya ba su ko da ɗaya.

Uwargida: Bautar Ubangiji take nufi, yadda ake cewa aure bauta ne.

Maman 'Yan Biyu: In ibada take nufi, me ya kawo hutu a gefe? Ana hutawa da ibada ne?

Malama: Ku bi a hankali. Allah da kanSa Ya ambaci wahalar uwa a suratu Luƙman, rauni a kan rauni, kuma yaye a shekara biyu. Son jika ma ba baƙon abu ba ne, Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu.

Amarya: To Malama, shekara biyu aka ce. Kakanni ne ke matsa wa mutum ya cire yaro a nono yana wata 17. Su ne kuma ke ɗura wa jariri ruwa, alhali a asibiti an ce nono zalla har wata 6.

Uwargida: Ke ma ruwan aka ɗura miki, ga ki nan kina danna waya. Wa ya yi miki wankan jego kwana arba'in? Wa ya dama miki kunun kanwa?

Amarya: Mamata ce, ba uwar miji ba.

Gwaggo: Yauwa, an zo wurin. Ashe ba kaka ake ƙi ba, dangin uba ake ƙi. Da kakar wajen uwa ce ta aika, da tuni an kai shi har da kayan sawarsa.

Malama: A littafin fiƙihu na Risala dai, in uwa ta rasu ko ta sake aure, reno na komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa.

Gwaggo: Malama, uwar nan tana raye, tana ɗakin mijinta. Kuma kowa ya san ke 'ya'ya mata gare ki.

Malama: Allah Ya ba ki haƙuri Gwaggo, ni karatu na kawo.

Maman 'Yan Biyu: Har yanzu ba a janye kalmar bauta ba.

Hajiya Kaka: 'Yata, ni maganar jikana nake yi. Tun Asuba ban sa komai a bakina ba.

Shugabar zaure: To, a tsaya haka nan. Na karanta duka, ni ma ina da jikoki. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun yarda jika ya fi daɗi, kuma Malama ta kawo hujjar cewa reno na kaka ne. Yaran yanzu ne ba sa son a taya su. Hajiya, ki kira ɗanki da kanki, ki ce ya kawo miki yaron ranar Juma'a. Na rufe wannan magana.

Amarya: Ranki ya daɗe, waɗanne yawancin? Mu fa ba a ƙirga mu ba.