Zuba wa birai abinci a bakin daji, doka ta yarda?

Manomin Fadama: Salamu alaikum. Gonar masarata tana kusa da dajin Baturiya a Jihar Jigawa, ta fara goyo, jan biri ya sa ta a gaba. An ce in riƙa zuba musu dusa da ruɓaɓɓiyar kankana can bakin daji don su tsaya a nan. Doka ta yarda? Kuma yana aiki?

Malam Na-Gandu: Wa alaikumus salam. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da ta tarayya ta 1985, wadda aka gyara a 2016, sun fi ƙarfi a kan farauta, kamawa, ajiyewa da sayarwa. Amma wurin da za ka zuba shi ne matsalar. Baturiya keɓaɓɓen daji ne, yana cikin goman da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa. Ma'aikacin daji ya ga tulin abinci a bakin iyaka, abin da zai fara zuwa ransa tarkon mafarauci ne. Ka je wurin ma'aikatan dajin tukuna, ka tafi da mai unguwa.

Baban Ummi: Ka sayi bindigar toka kawai.

Malam Na-Gandu: Alhaji, ka karanta inda gonar take kuwa?

Na Guri: Kada ka soma, ɗan'uwa. An yi haka a ƙauyenmu. Garken ya saba da lokacin, ya ƙaru, ya daina gudun mutane. Ranar da ba a zuba ba suka bi sawu har rumbuna, ɗaya ya ciji yarinya a hannu. Sai wani ya fusata ya gauraya dusar da fiya-fiya. Birai ba su mutu da yawa ba, awakin mutane da karnuka da ungulaye ne suka ci. Har yau gidaje biyu ba sa gaisawa, mai gonar kuma shi ya biya awakin.

Hajiya Nas: Tunda an zo kan cizo: a wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, sannan asibiti a ranar. Allurar haukan kare rana ta 0 (ranar allurar farko), 3, 7, 14 da 28, a haɗa da ta tetanus. Kada a ɗinke ciwon a gida, kada a shafa toka.

Baban Ummi: Ai kyauta ce a asibitin gwamnati.

Na Guri: Kyauta a ina? Takarda ake rubuta maka ka sayo a kemis, kowace allura da kuɗinta.

Ɗan Auyo: Manomi zai buɗe wa birai gidan abinci. A sa musu shayi da safe.

Malam Na-Gandu: Abin da ke aiki gadi ne, da sassafe da kuma bayan la'asar, daga goyo har girbi. Rumfa mai tsayi a gefen da ke kallon daji, kare biyu, a sassabe ciyawar gefe don su rasa maɓoya. Mutum-mutumi a riƙa sauya masa wuri, in ya daɗe a guri ɗaya sun gane shi.

Baban Ummi: Maganar ofis. Mafarauta sun fi ku sanin biri.

Na Guri: Mafarauci ba shi zai tsaya gaban alƙali ba.

Ɗan Auyo: Ku kuna ta biri. Tsuntsu jan baki fa? Ciyawar kacalla ta toshe kogi, tsuntsun ya samu wurin kwana, yara suna kan igiya da gwangwani tun asuba a gonar shinkafa. Jirgin feshin bana wa ya gan shi?