Ƙwan kajina ba ƙarfi, in ƙara musu bitamin?

Daga Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa, kajina 12, tunda zafin nan ya shigo ɓawon ƙwansu kamar takarda, kana ɗauka sai ya fashe a hannu. Kullum ina zuba bitamin a ruwa, ko in ninka ne?

Daga Marwa: Yaya don Allah kar ki ninka, bitamin A da D taruwa suke a jiki. Ki bi awon da ke jikin ledar, kwana 3 zuwa 5 ki dakata, ruwan da ya kwana kuma a zubar.

Daga Kusseri: Hajiya kalsiyum ne ya yi musu kaɗan, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai. Ki gasa ɓawon ƙwai ki daka, ki sa a kwano daban a inuwa. Amma banda 'yan tsaki, yawansa na ɓata musu ƙoda.

Daga Garwa: Na gode, yau ɗin nan zan daka.