Shin Hukuncin Maryland Ya Mayar wa Iyaye Ragamar Makarantun Amurka?

Alhaji: Jama'a, ina nan kan bakana cewa hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 27 ga Yunin 2025 ya mayar wa iyaye iko a makarantun gwamnati. A 2022 hukumar makarantun gundumar Montgomery da ke jihar Maryland ta shigar da wasu littattafan labarai cikin darasin Turanci na ƙananan yara, ɗaya yana ba da labarin wani kawu da ya auri namiji, wani kuma na yarinyar da ta ce ita namiji ce. Da farko akan sanar da iyaye, mai so ya janye ɗansa, amma a watan Maris na 2023 hukumar ta soke wannan dama. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗa kai suka shigar da ƙara, alƙalai shida suka ba su gaskiya, uku suka ƙi. In wannan ba karɓe ragama ba ne, to mene ne?

Barista: Ranka ya daɗe, labarin da ka kawo daidai ne, fassararsa ce ta zarce gona da iri. A shari'ar, wadda ake kira Mahmoud da Taylor, iyayen ba su nemi a fitar da littafi ko guda daga makaranta ba, kotu ma ba ta yi umarni da haka ba. Abin da suka samu shi ne a sanar da su kafin darasin, a kuma bar su su janye 'ya'yansu, kuma bisa 'yancin addini aka ba su shi, domin Mai Shari'a Samuel Alito ya jingina hujjarsa ne da shari'ar Yoder ta 1972, wadda ta yarje wa 'yan ɗarikar Kirista ta Amish su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas. Uban da ya fitar da ɗansa daga aji bai zama mai tsara manhaja ba. Wannan aiki yana nan a hannun hukumar gunduma da gwamnatin jiha.

Malama: Ni da nake riƙe alli, bari in faɗi abin da ba a gani daga waje. Dokar Maryland tun asali ta bai wa iyaye damar janye yaro daga darasin rayuwar iyali da ke cikin ilimin lafiya, kuma wannan mai sauƙi ne, tunda yana da ranarsa da sa'arsa. Littafin labari kuwa ana iya ɗaukarsa kowace safiya. In yara goma suka fita, wa zai zauna da su, kuma me za su karanta? Hukumar ta kafa hujja da irin wannan wahala, da yawan fashin ɗalibai, da kuma halin da yaron da iyayensa jinsi ɗaya ne zai shiga in ya ga abokansa suna ficewa. Mai Shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ta yi hasashen cewa makarantu za su gwammace su ajiye littattafan baki ɗaya don gudun rigima.

Alhaji: To, Malama, ai kin kama mini hannu ke nan. In makarantu suka ajiye littattafan, iyaye sun yi nasara ko da kotu ba ta furta ba.

Hajiya: Alhaji, a yi haƙuri, nasarar da ta dogara da tsoron shugaban makaranta ba abin dogaro ba ce, gobe wani shugaban zai zo. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba littafi ba ne. Idan yarinyata ta ce wa malaminta a riƙa kiranta da sunan namiji, za a gaya mini ko za a ɓoye mini? A Yulin 2023 hukumar makarantun Chino Valley a Kalifoniya ta wajabta sanar da iyaye, babban lauyan jihar Rob Bonta ya maka ta a kotu, sannan a Yulin 2024 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta hana hukumomi tilasta wa malamai yin hakan. Hukuncin Maryland bai taɓo wannan ba ko kaɗan.

Malama: Hajiya, masu goyon bayan wannan doka suna cewa akwai gidajen da yaro zai sha duka ko kora in aka kai labari. Ba na ce kowane gida haka yake ba, amma malami ba ya sanin wane gida ne wane.

Hajiya: Shi ke nan sai a ɗauki dukan iyaye a matsayin abin zargi saboda laifin kaɗan? Inda ake fargabar cutarwa akwai hukumar kare yara, kuma doka ta riga ta ɗora wa malami kai rahoto gare ta.

Barista: Saɓaninku shi ne shaidar abin da nake faɗa. A Maris na 2022 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar Florida da ta haramta koyar da batun jinsi daga ajin share fage zuwa aji uku, Kalifoniya kuma ta nufi wata alƙibla daban, duk a ƙasa ɗaya. Gundumomin makarantu a Amurka sun kai wajen 13,000, mafi yawan membobin hukumominsu zaɓarsu ake yi, kuma zaɓe ne da mutane kaɗan ke fitowa. Alhaji, zaman hukumar gundumarku na watan jiya, ka je?

Alhaji: Ban je ba, ina wurin aiki. Amma a turo mini ranar zama na gaba, da yadda ake rubuta suna don a ba mutum damar magana.