Ina neman Hausar "standards" kafin gobe

MaiFassara: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani rahoto kan manhajojin lafiya na waya, irin masu lura da ciwon sukari ko taimaka wa mai fama da rashin barci. Kalmar standards ce ta hana ni sakat. Na sa "ƙa'idoji", ga shi kuma na riga na ba regulation wannan kalmar. Ku agaza.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, raba su. Regulation ki ce "dokoki da sa ido", standards kuwa "mizani". Dubi Jamus: da dokar 2019, likita na iya rubuta wa majiyyaci manhaja kamar yadda yake rubuta magani, inshora ta biya. Amma sai hukumar kula da magunguna da kayan aikin lafiya ta ƙasar, BfArM, ta tantance ta cikin wata uku, ta duba tsaron bayanan majiyyaci da shaidar cewa tana amfani. Wadda shaidarta ba ta cika ba a sa ta jerin wucin gadi, a ba ta wata 12 ta kawo. Doka ce ta ce a auna, abin da ake aunawa da shi kuwa shi ne mizani.

Ɗan Asali: Mizani ai Larabci ne. Muna da "ma'auni" daga auna, sai mu je aro? Ni ma "magwajin nagarta" na daɗe ina cewa, kuma ɗalibaina sun karɓa.

Na Rediyo: Ɗalibanka dole su karɓa, Malam, kai ke ba da maki.

Ɗan Asali: Ku 'yan rediyo ku kuka lalata harshen nan. "Dijital" kuke cewa ko kunya babu.

Na Rediyo: Ranka ya daɗe, "lafiya" ma daga Larabci ta zo, "likita" da "asibiti" daga Turanci. A kore su duka? Mu mai sauraro muke wa magana, ba ƙamus ba.

Anti Nas: Ku dakata mana. Ma'auni kalma ce mai kyau, amma a asibiti ta riga ta yi aure: ma'aunin zafin jiki, ma'aunin hawan jini. Ka rubuta "ma'aunin manhaja", nas za ta ɗauka wata na'ura ce ake maƙala wa waya. Magwaji ma haka.

Ɗan Asali: To a ce "sharuɗɗan nagarta".

Na Rediyo: Sharaɗi kuma Hausar wane gari ce?

MaiFassara: Don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. Na ɗauki "mizanin inganci". Digital health fa? Rahoton ya ambaci tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a kansa na 2020 zuwa 2025. In ce "kiwon lafiya ta fasahar zamani"?

Anti Nas: Injin hoton ƙashi ma fasahar zamani ne. Bai fito da ma'anar ba.

Ɗan Asali: Sa mizaninki, tunda kun fi ni yawa. Amma in na ga "dijital" a rahoton nan, ba da yawuna ba.

MaiFassara: Na sa ta, Malam, sau ɗaya a kanun rahoton. Wanda ya samo wadda ta fi ta kafin asuba ya turo.