Abin da na tsinta a hirarmu kan nahawun yaren Holan

Jiya mun daɗe muna tattaunawa da ƴan uwa masu koyon yaren Holan, ga abin da na riƙe.

Kusan kowa ya yarda babbar matsalar ita ce inda aikatau yake zama. A jimla ta yau da kullum shi ne na biyu ko da me ka fara, ka ce "Ik ga morgen naar Utrecht", amma in ka fara da gobe sai ta koma "Morgen ga ik naar Utrecht", wato aikatau ɗin "ga" (tafi) yana nan a gurbinsa, "ik" (ni) ne ya koma bayansa. Wata baiwar Allah da ke Rotterdam ta ce ita kalmar omdat (wato "saboda") ce ta fi wahalar da ita saboda tana kora aikatau can ƙarshe, "omdat ik moe ben", alhali want ma dalili take kawowa amma ba ta taɓa komai, "want ik ben moe". Ta ce a riƙa haddace su bibbiyu, ni dai wallahi na ga hikimar hakan.

De da het, kalmomin da ake sawa kafin suna kamar "the" na Turanci, kam ba a ja ba, ka haddace suna tare da nasa, het huis, de tafel. Jam'i duk de ne, mai -je a ƙarshe kuwa het.

Wani kuma ya tuna mana aikatau masu rabewa biyu kamar opstaan, "Ik sta om zeven uur op", don Allah kar a manta op ɗin nan a ƙarshe.