Ta yaya ake gano dutsen sama tun bai iso ba?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a nan Gombe. Jiya wata ɗaliba ta ƙure ni. Babarta ta ji saƙon murya a WhatsApp wai dutse zai faɗo wa duniya a 2032. Ta ce, "Malam, abin da ba shi da haske, wa ya gan shi?" Na ce mata sai Litinin. Don Allah a fitar da ni kunya.

Injiniyan Yelwa: Wa alaikumus salam Malam. Dutsen da ake magana 2024 YR4 ne. Na'urar hangen nesa ta ATLAS da ke Chile ce ta gano shi ranar 27 ga Disamba 2024. Hasken rana ke dukansa ya dawo, kamar dai wata, amma ɗan ɗigo ne ƙwarai. Ana ɗaukar hoton wuri guda a sama, yawanci sau huɗu, da tazarar 'yan mintuna. Taurari suna nan inda suke, ɗigon da ya gusa shi ake zargi. Sai a aika ma'auninsa zuwa Minor Planet Center, cibiyar da ke tattara bayanan irin waɗannan duwatsu a Amurka, su kafe shi a shafin tabbatarwa. In gari ya waye wa waɗanda suka gano shi, masu na'ura a inda dare ya yi su karɓa. In ba a sake ganinsa da wuri ba, yana iya ɓacewa.

Ka gaya wa ɗalibar kamar bin sawun saniyar da ta ɓata ne: sawu biyu ba sa nuna rugar da ta nufa. A Fabrairun 2025 yiwuwar karonsa da duniya ta kai kashi 3.1 cikin ɗari, da aka ƙara awo ta faɗi kusan sifili. Saƙon muryar nan ya kwana biyu.

Baffan Dukku: Injiniya, ba duka ake gani ba fa. Na Chelyabinsk a Rasha, 2013, ta ɓangaren rana ya ɓullo, ba wanda ya hango shi, ya fashe a sama, gilasan da suka tarwatse suka raunata mutum wajen 1,500.

Injiniyan Yelwa: Haka ne Baffa. Amma na Sudan a Oktoban 2008 an gan shi daga Arizona kusan awa 20 kafin ya faɗo, aka sanar da inda zai faɗo, daga baya ɗaliban jami'ar Khartoum suka tsinto gutsattsarinsa a hamada.

Ɗan Bolari: Allah ya ƙara ilimi. Akwai wanda yaran za su gani da idonsu?

Injiniyan Yelwa: Apophis, daren 13 ga Afrilu 2029. Dutsen zai gifta da nisan kilomita wajen 32,000 daga duniya, kuma Afirka na cikin inda za a gan shi ba na'ura. Ku fita bayan gari, wajen hanyar Dadin Kowa, inda fitilu ba su da yawa. Ku dai yi addu'a kada ƙura ko hadari su rufe sama.